Filasta, cingam, alewa ko feshi: wanne ne ya fi raba mutum da sigari?

Magungunan maye gurbin nikotin suna aiki, amma akasarin masu sayen su ba sa ba su damar yin aikin. Mutum zai sayi kwali ɗaya na cingam ɗin Nicorette, ya tauna da sauri kamar cingam na wurin mai tireda, shaƙuwa ta kama shi, maƙogwaro ya ɗau zafi, kafin kwana 3 ya koma wa kara yana cewa kuɗinsa sun tafi a banza. Idan ka bi diddigin irin wannan labari, abu uku za ka riƙa tararwa: an sayi ƙarfin da bai kai ba, an yi amfani da shi ba daidai ba, ko an ajiye shi tun jiki bai gama sabawa ba. Da wannan ma'auni muka duba nau'o'in da ake sayarwa, wato filastar mannawa a fata, cingam, alewar tsotsa, feshin baki da bututun zuƙa.

Sai an fahimci abin da ake maye wa gurbi kafin sauran bayanin ya zauna. Nikotin shi ke riƙe mashayi, amma ba shi ne babban mai kisa ba. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji, ga kwalta mai liƙe wa huhu, ga iskar kabon monoksaid mai hana jini ɗaukar iskar shaƙa yadda ya kamata. Waɗannan magunguna nikotin kaɗai suke bayarwa, ba hayaƙi. Bambanci na biyu shi ne sauri. Zuƙa ɗaya ta sigari tana kai nikotin ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, kuma wannan saurin ne ke ɗaure mutum. Cingam sai ya yi minti 20 zuwa 30 kafin ya kai ƙololuwa a jini, filasta kuwa sa'o'i take ɗauka. Shi ya sa ba kasafai ake kamuwa da jarabarsu ba, kuma shi ya sa duk wanda ya saye su yana jiran irin daɗin da kara ke ba shi zai ji an cuce shi. Aikinsu rage azabar rashin taba ne: saurin fushi, rashin natsuwa, kasa tara hankali wuri ɗaya, rashin barci, yawan jin yunwa, da ƙawar da ke tasowa kamar za ta tsaga ƙirji. Waɗannan sukan yi tsanani a kwana 2 zuwa 3 na farko, su riƙa sassautawa cikin mako 2 zuwa 4.

Ba sabon abu ba ne. A ƙasar Suwidin aka ƙirƙiro cingam ɗin, a kamfanin Leo da ke Helsingborg, ƙarƙashin Ove Fernö, bayan an lura cewa sojojin ruwa da ke cikin jirgin ƙarƙashin teku, inda ba a barin kunna sigari, suna komawa ga tabar sakawa a baki. Amurka ta amince da shi a 1984, filasta ta biyo baya a farkon shekarun 1990, sannan a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cingam da filasta cikin jerin muhimman magungunanta. Ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje fiye da 130 da aka yi a kan mutum sama da 64,000, kuma a rahotonta na 2018 ta nuna cewa kowane nau'i yana ƙara yiwuwar daina taba da kashi 50 zuwa 60 cikin 100. A karanta wannan adadi da kyau, domin masu talla na son a fahimce shi a baibai. Ba ana nufin mutum 60 cikin 100 za su daina ba. Ana nufin inda mutum 10 cikin 100 za su kai wata 6 ba taba ba tare da maganin ba, da shi sai a sami 15 ko 16. Taimako ne na gaske, amma wanda ya ɗauke shi a matsayin sha-yanzu-magani-yanzu zai karaya da wuri.

Kafin ka je kantin magani, tambaya biyu za ka amsa wa kanka: kara nawa kake sha a rana, kuma minti nawa ne tsakanin farkawarka da karan farko. Ta farkon tana ba mutanenmu wahala, domin duk da cewa dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, har yanzu haka akasari ake saye, biyu nan, uku can, ga wanda aboki ya miƙo a majalisa. Mutum zai rantse kara 6 yake sha alhali ya haura 12. Ka ɗauki kwana 3 kana rubuta kowane kara, har da na kyauta. Tambaya ta biyu ta ma fi nuna zurfin kamuwa: wanda ke kunna taba cikin minti 30 da tashi barci yana buƙatar mai ƙarfi, ko da yawan karansa bai kai na wani ba.

Filasta ita ce ginshiƙi, kuma da a ce abu ɗaya tak mutum zai iya saye, ita za mu ce ya saya, saboda ba ta buƙatar koyon komai kuma tana aiki ko ka tuna ko ka manta. Iri biyu ce. Akwai ta sa'a 24, irin su NiQuitin da Nicotinell, mai matakai uku: miligiram 21, 14 da 7. Akwai ta sa'a 16, irin ta Nicorette Invisi, mai miligiram 25, 15 da 10, wadda ake mannawa da safe a cire lokacin kwanciya. A tsarin NiQuitin, mai shan fiye da kara 10 a rana zai fara da 21 na mako 6, ya sauko 14 na mako 2, sannan 7 na mako 2, mako 10 ke nan. Mai shan 10 ko ƙasa da haka ya fara da 14 na mako 6, ya ƙare da 7 na mako 2. Ta Nicorette kuwa 25 ce na mako 8, sai 15 da 10 na mako bibbiyu. Kowane kamfani yana da ɗan bambanci, don haka takardar da ke cikin kwalin da ka saya ita ce abin bi.

Zaɓi tsakanin ta 24 da ta 16 ya danganta da safiyarka da darenka. Nikotin ba ya daɗewa a jiki, duk bayan sa'a 2 ko makamancin haka rabinsa ya fita, saboda haka mai filastar sa'a 16 yakan wayi gari jininsa babu komai, ga kuma jiran sabuwa ta fara aiki. Idan kai mai neman ashana ne tun kafin ka wanke ido, ta sa'a 24 ta fi dacewa da kai. Aibinta shi ne mafarkai masu ƙarfi, wani lokaci masu ban tsoro, da farkawa cikin dare. Wanda wannan ya dame shi sai ya cire ta kafin kwanciya, ya ajiye cingam ko alewa kusa da shimfiɗa don asuba.

Mannawa tana da ƙa'ida. A zaɓi fata mai tsabta, busasshiya, marar gashi kuma marar ƙurji, a damtse, ƙirji, kafaɗa ko ƙugu. A ɓare bayan, a ɗora, a danna da tafin hannu daƙiƙa 10 zuwa 15, a bi gefe-gefen da yatsa, sannan a wanke hannu da ruwa kafin a taɓa ido ko hanci. Kullum a sauya wuri, kada a dawo wurin jiya sai bayan kwana 7. Kada a yanka ta biyu don ta yi auki, domin yankawa na iya ɓata yadda take sakin maganin, kuma gefen da aka yanka ba ya riƙo.

A nan ne filasta ke da rauninta mafi girma a wurinmu, domin ba a yi ta da tunanin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ba. Zufa tana shiga ƙarƙashinta ta ɗaga gefen, kafin la'asar ta faɗi cikin riga mutum bai sani ba, sai dai ya ji ƙawa ta taso masa ba dalili. Ɗan acaba, maƙeri, mai gasa burodi, leburan gini, duk za su gamu da wannan. Abin da ke taimakawa shi ne a manna ta da sanyin safiya bayan wanka, bayan fata ta bushe sarai, a wurin da bai cika zufa ko gogar tufafi ba, galibi saman damtse ta waje, a kuma ƙarfafa gefen da filastar asibiti ta ɗaure ciwo. Idan ta faɗi, a manna sabuwa a wani wurin. Da hunturu matsalar takan juya: mutum ya shafe jikinsa da basilin ko man kaɗanya sannan ya ɗora filasta, ba za ta taɓa kamawa ba. A bar wurin babu mai. Zafi kuma yana ƙara saurin shigar nikotin cikin jini, don haka mai aiki gaban wuta ko cikin rana tsaka da ya ji jiri, tashin zuciya ko bugun zuciya ya cire ta, ya nemi shawara kan sauka mataki ɗaya. Wanka ba ya hana ta aiki, kuma da yake saman damtse ba ya cikin gaɓoɓin alwala, ba ta shiga tsakanin mutum da sallarsa. Ja da ƙaiƙayi a wurin da aka manna abu ne da aka saba gani kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan kuwa fata ta kumbura, ta yi ƙuraje masu ruwa, ko jan ya bazu, a daina a koma wani nau'in. Duk wanda za a saka cikin na'urar hoton MRI ya faɗa wa ma'aikata yana da filasta, domin wasu suna da ƙarfe a bayansu da ke iya ƙona fata.

Cingam ya fi kowanne sauƙin samu, kuma ya fi kowanne shan zagi, ba don laifinsa ba. Sunan cingam ne ya cuce shi. Nikotin ɗin da ke ciki ta fatar cikin baki yake shiga jini, ba ta ciki ba. Wanda aka haɗiye tare da yawu hanta ce ke lalata mafi yawansa kafin ya kai ko'ina, abin da kawai yake bari shi ne shaƙuwa, ƙwannafi da tashin zuciya. Yadda ake yi: a tauna a hankali har a ji yaji-yaji ko ɗan zugi a baki, a tsaya, a tura shi tsakanin kunci da dasashi a bar shi nan. Idan yajin ya lafa, bayan kamar minti ɗaya, a sake taunawa kaɗan, a mayar da shi wani gefen. Haka za a yi ta yi har minti 30, sannan a naɗe a takarda a yar. Wanda ya saba ajiye goro a kunci ba zai sha wahalar koyon wannan ba.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawan tsallakewa, kuma ita kaɗai ta isa ta mayar da cingam mai kyau abin banza. Nikotin ba ya ratsa fatar baki sosai idan bakin yana da tsami. Saboda haka babu ci, babu sha in ba ruwa ba, minti 15 kafin a saka shi da kuma duk lokacin da yake baki. Zoɓo, kunun tsamiya, lemon kwalba, lemon zaƙi, nono, kofi, duk suna cikin wannan. Matsalar ita ce lokacin da ƙawa ta fi tashi, wato bayan cin abinci da lokacin shan shayi, shi ne lokacin da baki bai shirya ba. Sai a kurkure baki da ruwa sosai, a ɗan jira, sannan a saka.

Ƙarfinsa biyu ne, miligiram 2 da 4, kuma kusan rabin abin da aka rubuta ne kawai ke shiga jini. Mai kunna taba cikin minti 30 da farkawa, ko mai shan fiye da kwali guda a rana, ya ɗauki mai 4. Idan cingam kaɗai ake amfani da shi, tsarin da ke kan kwalayen Amurka shi ne guda ɗaya duk sa'a 1 zuwa 2 a mako 6 na farko, kuma kada ya gaza guda 9 a rana. Mako na 7 zuwa 9, duk sa'a 2 zuwa 4. Mako na 10 zuwa 12, duk sa'a 4 zuwa 8. Iyakar da aka ɗora a rana ita ce 24 a kwalayen Amurka, 15 a na Ingila. Ka lura cewa tsarin na agogo ne, ba jiran ƙawa ake yi ba. Mai tauna guda 3 a rana don tsimin kuɗi yana ba jikinsa abin da bai kai kara 3 ba a madadin 15, sannan ya yi mamakin yadda ya kasa. Aibobin cingam na gaskiya su ne ciwon muƙamuƙi, liƙewa a haƙoran roba ko cire cikon haƙori, laushi da danƙo idan ya kwana cikin aljihu ko mota da zafi, da kuma cewa ba kowane dattijo ko malamin makaranta ne zai yarda a gan shi yana tauna cingam a bainar jama'a ba. Ta fuskar ɗanɗano, masu na'ana'a da masu rufin alewa sun fi na asali daɗin baki nesa ba kusa ba. Nicotex na kamfanin Cipla na Indiya sinadari ɗaya ne da Nicorette kuma ƙarfi ɗaya, ba mu ga dalilin da zai sa a raina shi don sunansa bai yi fice ba.

Alewar tsotsa ta gyara yawancin aibobin cingam, kuma a ganinmu ita ta fi dacewa da mafi yawan mutane a cikin masu saurin aiki. Ba taunawa, ba koyon salo, ba wanda ya san kana da wani abu a baki. A saka ta a kunci, a riƙa juya ta daga gefe zuwa gefe, a bari ta narke da kanta, minti 20 zuwa 30 ga babbar, kamar minti 10 ga ƙanana. Ba a tauna ta, ba a haɗiye ta, kuma ƙa'idar minti 15 ta abin sha tana nan. Tana zuwa da miligiram 2 da 4, wasu ƙananan da 1.5. Iyakarta 20 a rana a Amurka, 15 a Ingila. Shaƙuwa da ƙwannafi suna nan idan aka tsotsa da gaggawa. Haɗarinta guda ɗaya ne babba: kamarta ɗaya da minti, kuma yaro ba zai bambance ba.

Feshin baki, wato Nicorette QuickMist, ya fi duk waɗannan sauri, cikin minti ɗaya zuwa 'yan mintuna ake fara jin sauƙi. Kowane feshi miligiram 1 ne, gwangwanin yana ɗauke da 150. Ana fesawa a cikin kunci ko ƙarƙashin harshe, ba cikin maƙogwaro ba, ba a jan numfashi yayin fesawa, kuma a jinkirta haɗiyar yawu na 'yan daƙiƙu. Ɗaya ko biyu a lokaci guda, kada ya wuce 4 a sa'a, ko 64 a rana. Kwanakin farko yana da zafi a baki kuma shaƙuwarsa ta fi ta sauran. Mai shan taba da yawa zai iya ƙarar da gwangwani cikin 'yan kwanaki, abin da ke sa shi zama mafi cin kuɗi. Ya kamata kuma mai saye ya sani cewa cikin kayan haɗinsa akwai ɗan ƙaramin sinadarin etanol, wato sinadarin barasa, an rubuta a takardar, don wanda ke son kauce wa hakan ya zaɓi alewa. Bututun zuƙa na Nicorette, mai ƙwanso na miligiram 15 da ake amfani da har 6 a rana, amfaninsa shi ne yana ba hannu da baki abin yi. Nikotin ɗinsa a baki da maƙogwaro yake shiga, ba huhu ba, don haka zuƙa ƙanana-ƙanana ake yi. Yana sa tari, kuma ƙwansonsa wahalar samu gare su. Ba za mu sa kowa ya sha wahalar neman sa ba.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne haɗawa. Filasta tana riƙe nikotin a jini daidai-wa-daida duk yini, amma ba ta da abin yi idan ƙawa ta taso farat ɗaya bayan faɗa da wani ko bayan cin tuwo. Cingam da alewa suna kashe irin wannan, amma suna barin giɓi tsakani. Idan aka haɗa filasta da ɗaya daga cikin masu saurin aiki, binciken Cochrane ya nuna nasara tana ƙaruwa da kusan kashi 25 cikin 100 a kan amfani da nau'i ɗaya. Mutane suna tsoron yin haka saboda tsofaffin kwalaye sun hana, amma hukumar magunguna ta Amurka ta sassauta wannan gargaɗi tun 2013, kuma jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya goyi bayan haɗawar. Ga mai shan kara 15 zuwa 20, yini zai kasance haka: filasta mai 21 bayan wankan safe, alewa ko cingam mai 2 a aljihu, a saka ɗaya da zarar ƙawa ta fara motsi, a kuma riga ta a lokutan da aka san takan zo, kamar hanyar zuwa majalisa ko minti 15 bayan cin abinci. Alamar cewa ya yi yawa ita ce tashin zuciya, yawan yawu, zufa mai sanyi, jiri da bugun zuciya, kuma maganinsa rage na bakin ne. Alamar cewa ya yi kaɗan ita ce fushi da tunanin taba duk yini, kuma wannan ne aka fi gani.

Wasu likitoci kan sa a fara manna filasta mako 2 kafin ranar dainawa, mutum yana ci gaba da shan tabarsa, kuma akwai shaidar cewa hakan yana ƙara nasara, domin karan yakan rage daɗi. Haka nan idan mutum ya zame ya sha kara ɗaya a mako na 3, kada ya ɓare filastar ya yar. Wannan kuskure ya mayar da mutane da yawa gidan jiya. A bar ta a jiki, a ci gaba da tsarin.

Akwai wani abu da ke faruwa bayan daina taba wanda ake ɗora wa maganin laifinsa alhali ba shi ba ne. Hayaƙin sigari yana sa hanta ta riƙa narkar da sinadarin kafeyin, wanda ke cikin shayi, kofi da goro, da sauri. Da zarar hayaƙin ya tsaya, ko da kana kan filasta, shayin da ka saba sha da goron da ka saba ci za su riƙa daɗewa a jini. Sai mutum ya ga hannunsa na rawa, barci ya ƙi zuwa, zuciya na bugawa, ya ce filasta ce. Wanda ma ya mayar da goro madadin taba ya ninka matsalar. A rage shayi mai kauri, kofi, goro da lemon ƙara kuzari zuwa kamar rabi, musamman daga la'asar. Wannan sauyi na hanta ya shafi wasu magunguna: theophylline na masu asma, da clozapine da olanzapine na masu larurar ƙwaƙwalwa, inda adadin da ya dace jiya zai iya yin yawa yau. Mai shan ɗayansu ya sanar da likitansa kafin ranar dainawa. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ya ƙara yawan auna sugansa a makonnin farko.

Wanda ya sami bugun zuciya irin na toshewar jijiyar jini ko shanyewar ɓarin jiki kwanan nan, ko mai ciwon ƙirji da bai daidaita ba, ko mai tsallen bugun zuciya mai tsanani, kada ya fara da kansa. Mai gyambon ciki zai fi jin daɗin filasta a kan na baki. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta ga likita tukuna. Nikotin ba abin so ba ne ga jariri, amma hayaƙi ya fi shi illa, kuma galibi ana fifita mata na baki, ko filastar da ake cirewa da dare. Wanda bai kai shekara 18 ba shi ma sai ta hannun likita.

Watan azumi lokaci ne mai kyau na dainawa, tun da mutum ya riga ya saba wuni babu kara. Cingam, alewa da feshi sai bayan shan ruwa. A kan filasta da rana malamai sun yi saɓani, sai mutum ya tambayi wanda yake bi. Wanda ya zaɓi kauce mata da rana zai iya manna ta da magariba ya cire kafin alfijir, ya saka alewa bayan buɗe-baki, lokacin da hannu ya saba zuwa aljihu.

Wajen saye, a je babban kantin magani mai rajista da ƙwararren mai haɗa magunguna a ciki. A Najeriya a duba lambar NAFDAC, a ko'ina kuma a duba ranar lalacewa, a tabbata kowace filasta tana cikin jakarta a rufe. Kwalayen suna cewa a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, don haka kayan da suka yi watanni a shagon kwano ba fanka abin shakka ne, haka ma aljihun gaban mota. Da yake daga waje ake shigo da su, yau akwai gobe babu, babban haɗari shi ne a fara da kwali ɗaya, ya ƙare a kwana na 7, a koma kanti a tarar babu. A lissafa tun farko: tsarin mako 10 filasta 70 ne, wato kwali 10 masu ɗauke da 7, shida na 21, biyu na 14, biyu na 7. Mai cingam kaɗai yana buƙatar aƙalla 378 a mako 6 na farko, kusan kwali 4 masu 105. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma ga mai sayen sigari mai arha zai iya fin kuɗin tabarsa na waɗannan makonni. Idan aljihu bai kai duka ba, gara a tabbatar da mako 6 na farko a hannu kafin a sa rana, a haɗa da ƙaramin kwalin alewa. A yi hattara kuma da 'yan ƙunshin nikotin da ake sakawa a leɓe, irin su Velo da Zyn. Kayan kamfanonin taba ne, ba a yi musu rajista a matsayin maganin daina taba ba, kuma ba su da tsarin saukowa.

Abin da babu ɗayansu da zai yi maka shi ne raba ka da wurin zama da abokan busa. Ƙawa guda ba ta wuce 'yan mintuna, amma tana dawowa duk lokacin da ka ga ashana, ka ji warin hayaƙi, ko ka zauna inda ka saba. Shi ya sa nasara ke ƙaruwa idan aka haɗa maganin da shawarar ma'aikacin lafiya, ko da ta 'yan mintuna ce lokaci-lokaci. A zubar da ragowar kwali da abin kunnawa daren jajibere, a sanar da mutanen gida ranar, a ɗan janye daga majalisar masu sha na mako 2 zuwa 3. Ƙiba ta kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko abu ce da aka saba gani; cingam da alewa suna jinkirta ta, ba sa hana ta.

Idan mako 12 suka cika mutum yana jin zai koma taba in ya ajiye, ya ci gaba da maganin, ya riƙa rage guda ɗaya duk bayan 'yan kwanaki, yana musanya wasu da cingam ko minti na kasuwa marar suga. Daɗewa a kan cingam ɗin nikotin ba ya kusa da illar komawa hayaƙi. Filastar da aka cire har yanzu tana da nikotin da zai iya galabaitar da ƙaramin yaro ko dabba, don haka a ninke ta gefen danƙon ciki, a mayar cikin jakarta, a jefa inda hannun yara ba ya kaiwa, alewa da cingam kuma a kulle su tare da sauran magunguna. Yaron da ya haɗiyi ɗaya ko ya manna filasta a jikinsa, a cire, a wanke wurin da ruwa zalla, a kai shi asibiti tare da kwalin ba tare da jiran alama ba. Wanda kuma ya bi tsarin haɗawa daidai har ƙarshe bai dace ba, ya tambayi likita batun ƙwayoyin varenicline, cytisine ko bupropion, waɗanda ba nikotin ba ne kuma suna cikin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su don wannan aiki.